Yayan Guguwa da Ƙaramar Motarsu

Surukina bai taɓa tuƙa mota ba, babba ko ƙarama. Amma a filin da ake tseren motocin rimot, duk wanda ya sayo wani ƙarfe ya rasa ko zai shiga motarsa, wurinsa yake kaiwa. A layinsu Mai Tabarau ake ce masa, don sana'arsa ke nan. A filin kuwa ba a san shi da wannan suna ba, Yayan Guguwa suke kiransa. Ni Baba nake ce masa, tunda 'yarsa nake aure.

Tun yana saurayi yake aiki a ɗakin bayan wani shagon tabarau. Ɗaki ne matsattse marar taga, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Akwai teburi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da injin da ke wasa gefen gilashi yana ɗigar da farin ruwa cikin bokiti. Masu saye ba sa ganinsa. A gaba ake auna musu ido su zaɓi firam, sai a turo masa ta wata 'yar kafa. Shi zai yanka gilashin, ya zaunar da shi, ya ɗaure da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. In ɗaya ta faɗi ba ya sunkuyawa nema, sai ya ja mayen ƙarfe da ya ɗaura wa zare a ƙasa, ta biyo shi. Mutum ne marar magana. Surukuwata, da muke ce wa Mama, takan ce ta auri agogon bango, ka san yana nan, ka san lafiyarsa lau, amma kar ka jira hira.

Mahaifinsu ya rasu ya bar su su biyu, shi da ƙanensa, da tazara mai yawa a tsakaninsu. Shi ya riƙe ƙanen har ya girma, sai ƙanen ya tashi akasinsa ta kowace fuska. Mai fentin gidaje ne, ga murya, ga dariya, in ya shigo gida tun daga bakin ƙofa za ka sani. Ya taɓa aure, matar ta gaji da jiran ranar da zai zauna wuri ɗaya, suka rabu lafiya ba haihuwa. Matata Baba Ƙarami take ce masa, ni ma na bi bakinta. 'Yan filin tsere ne suka laƙaba masa Guguwa.

Mama ce ta ba ni labarin yadda motar ta shigo gidan. Wata rana da yamma Baba Ƙarami ya faɗo falo da kwali a ka, fenti har a girarsa. Wani mai gida da ya yi wa aiki ne zai jefar, shi kuwa ya roƙa. Ya dire kwalin a kan teburin cin abinci.

"Yaya, duba min wannan."

Mota ce da ba ta wuce tsawon hannun mutum ba, tayoyinta masu ƙuraje, ta gaba ɗaya tana reto.

"Kai da girmanka?" in ji Mama. "Furfura ta fara fito maka kana kwaso kayan yara?"

"Matar Yaya, wannan ba ta yara ba ce. Ta fi babur ɗina gudu, kuma ta fi shi birki."

Baba ya jawo fitila ya kife motar. Kowace taya a irin waɗannan motoci tana riƙe ne da hannuwa biyu na roba mai tauri, na sama da na ƙasa. A tsakaninsu akwai shok, ɗan bututu mai mai a ciki da sifirin a kewaye, shi ke shanye gargada. Hannun ƙasa ne ya karye.

"Ba ya ɗinkuwa," ya ce.

"To a sayo wani mana."

A nan aka ji labarin. Kamfanin da ya yi motar ya daɗe da daina irinta, ko ƙusa ɗaya ba ya fitarwa. Da wani ne, da ya mayar da ita kwali. Baba kuwa ya sa karyayyen hannun a aljihu, ya ɗauki ɗan ma'auninsa na ƙarfe mai baki biyu, ya tafi shagon da ake sayar da kayan irin waɗannan motoci. Ya roƙi mai shagon ya bar shi ya auna. Ya bi ledoji ɗaya bayan ɗaya har ya tarar da hannun wata mota ta wani kamfani daban, tsawonsu ɗaya, sai dai ramin da ƙusa ke shiga ya fi faɗi. Ya kawo shi ɗakin aikinsa, ya yanko ɗan bututun tagulla ya cusa a ramin, ya goge gefe da zarto mai laushi. Hannun ya zauna. Washegari ƙanen ya saki motar a layi, ta kori kaji, ta shige ƙarƙashin wata babbar mota ta ɓullo ta baya.

Daga nan suka raba aiki ba tare da sun yi shawara ba. Ƙane ya tuƙa ya fasa, wa ya gyara.

Ni na shigo cikinsu ne ta hanyar aure. Ranar da na fara zuwa gaida Baba, na zauna a ƙasa na sunkuyar da kai, na shirya amsar duk tambayar da uba zai yi wa mai neman 'yarsa. Ya daɗe yana murza wani abu da tsumma. Can ya ce, "Kana da mota?"

Na ce ina da wata tsohuwa. Na ɗauka arzikina yake aunawa.

"But ɗinta na ɗaukar teburi mai naɗewa?"

Baba Ƙarami ya fashe da dariya daga bayan labule. "Shi ke nan, ka samu mata. Mu kuma mun samu direba."

Haka kuwa aka yi. Duk ranar hutun mako ni nake kai su.

Filin yana bayan wata masana'antar tayil da ta daina aiki. Masu wasan ne da kansu suka tara jar ƙasa suka yi tuddai, suka shata hanya da tsohon tiyo, suka jera tayoyin manyan motoci a kwanoni. A gefe akwai dakalin katako mai tsani, can direbobi ke hawa su jeru da rimot a hannu don su hango ko'ina. Duk magidanta ne. Akwai Likitan Haƙori, mai motar da ta fi ta kowa sheƙi, akwai Mai Burodi da ke zuwa da gari a gefen kunne, shi ne babban abokin hamayyar Guguwa. Baba ba ya hawa dakalin. Yakan buɗe teburinsa a inuwar bango, ya shimfiɗa farin tawul, ya jera kayan aiki. Ba tseren yake kallo ba, ƙafafun motar yake kallo, yadda take dira da yadda take kwanciya a kwana.

Da yake motarsu marainiya ce, duk abin da ya lalace sai an nemo mata na aro, kuma ta haka ya san kayan kowa. Ya san ƙusoshin da za su shiga rami su yi juyi biyu lafiya sannan su cije, don zarensu ba ɗaya ba ne. Ya san tayar da za ta zauna a gindi kamar an yi dominta, amma ta riƙa gogar hannu in an karya kwana. Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Sai ya karɓi abu ya juya shi, ya sa ma'auni, ya ce "zai shiga" ko "ba zai shiga ba". In ya ga dama ya ƙara da "sai an rage".

Sau ɗaya Baba Ƙarami ya yi gaban kansa. Ya ji ana cewa jan sifirin ne mai taushi, ya sayo ja guda huɗu ya ɗaura a ɓoye don ya ba yayansa mamaki. Motar ta fita tana tsalle kamar kwaɗo, a tudun farko ta wuntsila ta faɗa kan ƙafar Likitan Haƙori.

"Ja ne fa, Yaya! An ce ja ne mai taushi!"

"Jan wane kamfani?"

"Ja ai ja ne."

"Na waɗancan ne mai taushi. Na waɗannan shi ne ya fi tauri."

Mai Burodi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Aka daɗe ana gaida Guguwa da "ja ai ja ne".

Babban aikin da Baba ya yi wa motar shi ne canza mata shok. Na asalin na roba ne, sun tsufa, kullum suna yoyon mai, ƙura na mannewa. Ya samo na alminiyam na wata sabuwar mota. Sun fi faɗi, sun fi riƙe mai, amma sun ɗara tsawo kaɗan, in aka ɗaura su haka motar za ta yi tsayi ta riƙa kifewa. Ya kwance su ya sa 'yan zobban roba a ciki don ya taƙaita miƙewarsu. Idon da ake ɗaure su ta sama bai yi daidai da ƙusar motar ba, ya yi masa hula da tagulla. Sai maganar mai. Mai kauri yana hana mota dukan ƙasa in ta diro daga tudu, amma yana sa ta taurin kai a ƙananan gargada. Mai ruwa-ruwa kuwa akasin haka. Ya yi makonni yana gwadawa. Yakan ɗaga motar daidai gwiwa ya sake ta a kan simintin tsakar gida, ya saurara. In ta yi ƙara ya kwance. In ta yi tsalle ya kwance. Mama ta ce ta gaji da ganin kwalabe a kusa da man girkinta, wata rana za ta soya musu ƙwai da man shok kowa ya huta. Ran nan dai ya sake ta, ta dira shiru ta lafe. Ya ce, "Yauwa," ya je ya wanke hannu.

A fitarsu ta farko da sababbin shok ɗin abin ya faru. An yayyafa wa filin ruwa, ƙasa ta kwanta. Guguwa ne a gaba, ya ba Mai Burodi tazara, yana ta surutu a kan dakali kamar kullum. Ina tsaye kusa da teburin Baba. Motar ta tashi a babban tudu ta dira kamar kyanwa, ta miƙe kan doguwar hanya. A ƙarshen hanyar akwai kwanar hagu. Ba ta sha kwanar ba. Ta tafi kai tsaye ta daki tayoyin katanga ta maƙale, tayoyinta na baya suna ta juyawa suna watsa ƙasa.

"Sitiyari ne," in ji Baba.

Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Ya tsallake tiyo, ya ɗauki motar ya kashe ta, ya durƙusa ya kife ta a cinyarsa. Ya murza tayoyin gaba dama da hagu. Ya ja sandar sitiyari. Ya bi wayoyi da yatsa. Ana ta ihu a bayansa, amma filin tsere dama wurin ihu ne.

Ni na juya na gani. Baba Ƙarami ya zame a jikin katako, ƙafa ɗaya ta naɗe a ƙarƙashinsa, bakinsa ya karkace. Likitan Haƙori ne ya fara isa gare shi, ya kwantar da shi ta gefe, ya ce a yi asibiti yanzu-yanzu. Muka taru muka sauko da shi ta tsanin. Sai da muka kwantar da shi a bayan motata na tuna da Baba. Na koma a guje, na same shi yadda na bar shi.

"Baba."

"Ba abin da ya same ta," ya ce, bai ɗago ba. "Komai lafiya. Ban gane ba."

"Baba, Baba Ƙarami ne ya faɗi."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi dakalin da ba kowa a kai. Ya ce, "To." Ya miƙe ya biyo ni da motar a hannu. Har cikin asibiti tana kan cinyarsa, jar ƙasa na zuba a wandonsa, sai da wata nas ta ce ya fita da ita. Ya miƙo min na kai but.

Likita ya ce jini ne ya hau ya fasa wata jijiya a kai. Ashe ya daɗe da hawan jini, bai taɓa zuwa an auna ba. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ma ta tafi. Da aka yi watanni kalma biyu suka dawo masa, "Yaya" da "bari". Kowa Yaya yake ce masa, har Mama. Ta ce ba komai, a tsufanta ta samu ƙarin girma.

Aka dawo da shi gidan Baba, aka ba shi tsohon ɗakin matata. Baba bai bar wa kowa jinyar ba. Da safe kafin ya tafi aiki zai ɗaga shi ya yi masa wanka, ya aske masa gemu, ya ba shi shayi da cokali yana share gefen bakin da ke zuba. In ya dawo ya juya shi, ya murza masa hannun da ya mutu yadda aka koya masa a asibiti, yatsa bayan yatsa. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa tsaki ba. Amma fuskarsa kamar an shafe ta. In ka yi masa sannu ya ce yauwa. In ka tambayi mai jiki ya ce da sauƙi. Abinci in an ajiye ya ci, in ba a ajiye ba bai tambaya. Matata ta ce ta taɓa zuba gishiri a shayinsa bisa kuskure, ya sha bai ce komai ba, sai da ta ɗanɗana ragowar ta gane.

"Da zai yi kuka da na samu sauƙi," Mama ta ce min a kicin. "Ko faɗa ya yi da ni. Ina zaune da mutum kamar an tafi da shi an bar rigar."

Motar kuwa ya kwance ta gaba ɗaya a kan teburin cin abinci, kowane ƙarfe a cikin faranti. Ya wanke, ya auna, ya mayar. Bayan kwana biyu ya sake kwancewa. Aka koma cin abinci a kan tabarma. Mama ta ce, "Wai me kake nema a ciki?"

"Dubawa nake."

Ana nan sai ya koma kan rimot ɗin. Irinsa kamar bindiga yake, hannun hagu ke riƙewa yana jan totur da yatsa, hannun dama kuma yana murza wani ɗan sitiyari a gefe. Baba ya ɗauki ƙafar wani tsohon firam na tabarau ya lanƙwasa ta, ya ɗaure a jikin ɗan sitiyarin, ta zagayo daidai inda babban yatsan hagu zai kai. Da hannu ɗaya za a iya ja a kuma karya kwana. Sannan ya koma kan motar don ya sa ta yi haƙuri da direba. Ya sauke ta ƙasa-ƙasa. Ya nemi sifirin da ya fi kowanne taushi, bai samu mai tsawon da yake so ba sai a shok ɗin baya na wata ƙaramar mota, shi ma ya fi siriri, sai da ya yi masa mazauni. Ya so ya rage mata gudu da ƙaramar giya. Ta farkon da ya samo a ido iri ɗaya ce da tasu, amma haƙoran ba sa cizon juna daidai, tana kuka kamar injin niƙa. Ya ajiye ta ya ci gaba da nema har ya dace. Duk wannan aiki bai ce wa kowa ga abin da yake nufi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wata ranar hutu ya ce min, "But ɗinka zai ɗauki keken?" Keken guragu yake nufi.

'Yan filin suka tarbi Guguwa da sowa. Mai Burodi ya durƙusa ya rungume shi, ya tashi yana goge ido da gefen riga. Keken ba zai hau tsani ba, sai aka ajiye shi a ƙasa kusa da tiyo. Kowa ya janye motarsa aka bar masa fili. Baba ya sa masa rimot a hannun hagu, ya gyara masa babban yatsa a kan ƙafar tabaran, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Motar ta tashi a hankali. Ta sha kwanar farko da faɗi, ta hau ƙaramin tudu ta sauka lafiya. Aka yi tafi. Amma daga ƙasa ba a ganin can ƙarshen fili, tuddai sun tare. Da ta ɓace masa sai ya ɗaga wuya, ya yi ƙoƙarin miƙewa, jikin ya ƙi. Muka ji ta daki taya. Wani ya ruga ya saita ta. Ta sake tahowa tana layi kamar mai maye, ta hau tiyo ta kife a gabanmu. Baba ya taka zai ɗauka.

"Yaya," in ji Baba Ƙarami. Ya ajiye rimot ɗin a cinyarsa. "Bari."

Baba ya tsaya. Ya ce, "Ko a ƙara sauke ta?"

"Bari."

Baba ya ɗauki motar ya kakkaɓe ta da burushi, ya cire batir, ya sa ta a jaka. Muka naɗe teburi. A hanya da muka zo wata mararraba Baba ya tuna min Mama ta ce a sayo sabulu.

Baba Ƙarami bai sake zuwa filin ba. Ya ƙara shekara da wani abu a ɗakin nan, yana kallon talabijin da bango. Wata safiya Baba ya shiga da ruwan ɗumi da reza, ya ɗan jima, ya fito da kwanon a hannu. Ya ce wa Mama, "Ya rasu." Ya wuce ya zubar da ruwan, ya wanke kwanon ya kife. Shi ya yi ta karɓar masu gaisuwa yana ce musu an gode. Da mutane suka watse ya koma aiki. Mai shagon ya ce ya ƙara hutawa, Baba ya ce akwai tabaran mutane da ke jira.

Na ɗauka an gama da filin tsere ke nan. Ranar hutu ta zagayo sai ga wayarsa, yana tambaya ko na taso. Muka je. Ya buɗe teburinsa a inuwar bango, ya shimfiɗa tawul, ya ajiye motar a gefe bai ko sa mata batir ba. Mutane suka riƙa kawo masa kaya yana aunawa. Likitan Haƙori ya ce ya hau dakali ya gwada ko zagaye ɗaya ne, Baba ya ce shi ba direba ba ne.

A ranar ne shok ɗin Mai Burodi na gaba ya fashe ana dab da fara tsere. Yana tsaye yana juya shi a hannu, Baba ya jawo motarsu ya kwance nata ya miƙa masa.

"Haba, Yaya," in ji Mai Burodi. "Wannan ai na Guguwa ne."

"Zai shiga. Sai dai ka sa zoben washa ɗaya ta ciki, kar ya gogi hannu."

"Ba maganar shiga nake ba."

"An kusa farawa."

Mai Burodi ya karɓa da hannu biyu. Daga ranar haka abin ya ci gaba. Wanda boris ɗin tayarsa ya ci, ya ciro na motar ya ba shi. Wanda giyarsa ta gutsure, ya auna, in za ta shiga ya ba shi. Tayoyi suka tafi, injin ya tafi, sifirin suka tafi. Rimot mai ƙafar tabarau ma wani da ya ƙone a hannu wurin aiki ya ara, Baba ya ce ya riƙe. Kafin damina ta wuce ba abin da ya rage sai farantin ƙasan motar, wanda ba ya shiga ta kowa. Shi Mama ta ɗauka take ɗora tukunya mai zafi a kai, bai hana ta ba.

Sau ɗaya na cire kunya na yi masa magana. Muna dawowa ne, mu biyu kawai a mota. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Likita ya ce ko da an kai shi da wuri fiye da haka, ba abin da zai canza."

"Na sani."

"Ina nufin, ko da a ce ka juyo tun farko."

"Na sani," ya sake cewa. "Ka bi ta hagu, can gaba suna gyaran hanya."

Ban sake tayar da zancen ba.

Daga baya masu masana'antar suka sayar da wurin, aka kawo katafila ta baje tuddan, aka gina rumbunan ajiya. 'Yan wasan suka samu wani fili can bayan gari. Mun je sau ɗaya. Babu inuwa, ga nisa, rabin fuskokin baƙi ne. Da mako ya zagayo bai kira ni ba, ni ma ban kira ba. Yanzu ta waya suke nemansa. Sai a turo hoton ƙarfe a gefen ma'auni, ya matsar da wayar nesa da fuska ya duba, ya ce zai shiga ko ba zai shiga ba, ya kashe. Yana zuwa shago har gobe, amma rabin yini, don an kawo sabon inji mai yanka gilashi da kansa, aikinsa ya koma ɗaure ƙusa da gyaran firam.

Matata ce ta tsaya kai da fata sai an riƙa auna masa jini. Ni nake kai su shi da Mama. A zuwanmu na baya-bayan nan nas ta naɗa masa abin awo a damtse, ta duba, ta ce ba laifi.

"Baba, akwai abin da ke damunka?"

"Babu."

"Faɗa mata ba ka barci," in ji Mama.

"Ina barci."

"Faɗa mata wandunanka duk sun yi maka yawa."

"Tela ne ya ɗinka su haka."

Nas ta dubi Mama, ta dube ni, ta ce to a ci gaba da shan maganin, a rage gishiri, a riƙa ɗan tattaki da yamma. Ya ce to. Ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli. Da muka fito Mama tana ta mita har bakin mota, shi yana gaba. Ya buɗe mata ƙofa ta shiga, ya zagaya ya zauna kusa da ni, ya ce in mun wuce kasuwa in tsaya, ƙwan fitilar baranda ya mutu.